Wane faifan Pet Shop Boys ya kamata ka fara saya?

Wanda ya taɓa jin "West End Girls" ta zauna masa a kunne, in ya tashi sayen faifan masu ita, wato Pet Shop Boys, mawaƙa biyu 'yan Birtaniya, ruwan ido ne zai fara kama shi. Neil Tennant mai waƙa da Chris Lowe mai kaɗa na'ura sun haɗu ne a 1981 a wani shagon kayan lantarki da ke titin King's Road a Landan, kuma daga Please na 1986 zuwa Nonetheless na 2024 sun fitar da kundi goma sha biyar, ban da tarin fitattun waƙoƙinsu. Aljihu kuwa ba zai ɗauki duka ba.

Ni dai shawarata, a fara da tari. Discography na 1991 faifai ɗaya ne mai waƙa 18, an jera su bisa yadda suka fito. Waƙoƙinsu huɗu da suka hau matsayi na ɗaya a Birtaniya duk suna ciki: "West End Girls", "It's a Sin", "Always on My Mind" da "Heart". Naƙasunsa guda ne, babu "Go West", wadda 'yan kallon ƙwallo a Turai ke rera sautinta a filin wasa, domin sai a 1993 ta fito. PopArt na 2003 ya cike wannan giɓi da waƙa 35 a faifai biyu, sai dai an raba su gida biyu ba tare da bin shekaru ba, abin da bai kwanta mini ba, don ba ka jin yadda kiɗan nasu ya yi ta girma. Smash na 2023 ya fi su duka cika, waƙa 55 daga 1985 zuwa 2020, a jere. Mai hali ya ɗauki Smash a faifan CD uku. Na garmaho faifai shida ne, ga tsada ga nauyi wajen aikowa, wannan sai masu tara faifai.

Ga wani tarko da ya kamata a sani. Mutum zai sayi Actually na 1987 yana zaton zai tarar da "Always on My Mind", tunda a ƙarshen shekarar ta yi tashe, amma ba ta cikin ainihin kundin. Wadda ke kan Introspective na 1988 kuma doguwa ce da aka sake wa fasali don rawa. Duk da haka Actually ya ci kuɗinsa, ko don muryar mawaƙiya Dusty Springfield kaɗai, wadda suka yi waƙa ɗaya tare da ita a ciki.

Kundin da nake roƙon kowa kada ya tsallake shi ne Behaviour na 1990. A birnin Munich na Jamus suka naɗe shi tare da furodusa Harold Faltermeyer, da tsofaffin na'urorin kiɗa masu taushin sauti. Ba na rawa ba ne sosai, na zama ne da dare idan gari ya yi tsit. "Being Boring" da ta buɗe shi Tennant ya rubuta ta ne yana tuna wani amininsa na ƙuruciya da cutar ƙanjamau ta kashe, kuma ba a yi rububin sayenta ba lokacin da ta fito, amma yau masoyansu da yawa ita suke ɗorawa a kan gaba. Mai son annashuwa kuma Very na 1993 ne nasa, mai akwati kalar ruwan lemo da ƙuraje-ƙuraje kamar kayan wasan Lego.

Idan ka ga an rubuta Further Listening a jikin bugu, akwai ƙarin waƙoƙin da ba sa cikin na asali, kuma waɗannan mutane biyu ba sa zuba shara a bayan faifai. In gwanjo za ka saya ta intanet, ka nemi mai sayarwa ya turo hoton bayan faifan da jerin waƙoƙin kafin ka biya.