Malamar rakiya ga yaro mai galahanga: abin da muka gani a Kaduna

Iyaye suna yawan tambayata ko ɗaukar malamar rakiya, wato wadda ke zama da yaro a aji tana taimaka masa shi kaɗai, yana da amfani. Yana da shi ƙwarai, in aka dace da wadda ta san aikinta. Tamu mun same ta ne ta hannun wata ƙaramar cibiya a nan Kaduna, bayan makarantar ɗana ta aiko da takarda cewa in ya sake cizon wani yaro mu nema masa wani wuri. Shekararsa 7, yana da galahanga (wato autism, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane), maganarsa ba ta wuce 'yan kalmomi.

Da farko ba ta ma kusance shi ba. Bayan aji ta zauna da littafinta tana rubuta abin da ke faruwa kafin ya birkice. Ashe kujerarsa tana jikin tagar da janareta yake. Da an tayar da shi sai ya toshe kunnuwa, ya hau kaɗa hannu, duk wanda ya taɓa shi a lokacin shi zai sha cizo. Ta sa aka canza masa wurin zama, ta ce mu sayo abin rufe kunne, ta koya masa miƙa katin hoto: ruwa, ban ɗaki, hutu. Tsarin PECS ke nan, wanda aka fara a Amurka a 1985.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne yadda ta bi da malamar ajin. Ba gadara. "Malama, ba taurin kai ba ne. Ki ba shi umarni ɗaya, ki ɗan jira." Ranar zama da shugaban makaranta kuma ta zo da bayananta, ta tuna masa cikin ladabi cewa dokar masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana nuna musu wariya a harkar ilimi. Aka janye takardar.

Sai dai kuɗin akwai nauyi, ya kusa kamo kuɗin makarantar, kuma na san iyaye da yawa ba za su iya ba. Katunan ma hotunan abincin Turawa ne, sai da na ɗauki hoton koko da ƙosai da buta aka buga mana.

Kafin ku biya, ku tambayi cibiyar yadda malamar za ta riƙa janyewa a hankali. Tamu yanzu bayan tara waje take zama. Islamiyya ce malaman rakiyar ba sa zuwa, kuma har yau muna neman wadda za ta karɓe shi.