Kwalekwalen iska da na haɗa da hannuna: ya cancanci kuɗinsa, amma sai mai haƙuri

A yammacin Kanada, inda aiki ya kawo ni birnin Kalgari, mai tafiyar daji da ƙafa ba ya daɗewa bai ci karo da ruwa ba. Ko dai tafki ne ya tare masa hanya, ko kogi mai sanyi da ke gangarowa daga ƙanƙarar duwatsu. Shi ya sa mutanen nan suke ji da wani ɗan kwalekwale na yadi da suke kira packraft, wanda ake hura wa iska a bakin ruwa, in an haye a sace iskar, a naɗe shi a cusa cikin jakar goyo. Mutanen Alaska ne suka fi yaɗa shi, kuma kamfanin Alpacka da Sheri Tingey ta kafa tare da ɗanta Thor a shekarar 2000 shi ne ya yi suna wajen ƙera irin na zamani. Sai dai haɗaɗɗe mai kyau yakan kai dala 1,000 ko fiye. Ni kuwa aljihuna bai kai can ba, don haka na sayi kayan haɗi daga wani ƙaramin kamfani, na haɗa da kaina. A kan waɗannan kayan nake son magana.

Abin da ya zo a kwalin ba shi da yawa: yadin nailan mai sauƙi na bututun da ke kewaye jirgin, wani mai kauri na ƙasa inda ake zama, dogayen ƙyallaye na rufe haɗi, bawul, da yadin da za a yi jakar hura iska da shi. Kowane yanki da zanensa da lambarsa. Fuska ɗaya ta yadin bututun an shafe ta da wata roba mai suna TPU, kuma ita ce sirrin aikin duka. Babu allura, babu zare. In ka haɗa fuskar roba da fuskar roba ka ɗora musu zafi, sai su narke su zama abu ɗaya.

Dutsen gugar da ake wannan aiki da shi ba ya cikin kwalin, kuma wannan ne ƙorafina na farko. Ba irin na gugar kaya ba ne, ƙarami ne na masu aikin fata, mai siririn baki, wanda zafinsa ke kaiwa wajen digiri 200. Sai ka saye shi daban, ka sayi gam mai hana ruwa, da ɗan gangan roba na dannawa, da takardar gashin burodi da ake shimfiɗawa don kada yadin ya manne inda ba a so. Ko da aka tara duka, da kuɗin aike, abin da na kashe bai kai rabin kuɗin haɗaɗɗe ba. Amma da sun haɗa dutsen gugar a ciki, ko da sun ƙara kuɗi, da sun sauƙaƙa wa mutane, domin ingancin jirgin gaba ɗaya a kan wannan ƙarfe ya rataya.

A nan ne ya kamata mai saye ya natsu. In zafi ya yi kaɗan, haɗin zai yi kyau a ido, amma ranar da iska ta cika jirgin zai ɗaye. In zafin ya yi yawa, ko hannu ya daɗe wuri ɗaya, nailan ɗin ya yi ƙyalli ya ƙanƙance, ya yi rauni. Yadda ake ganewa shi ne ka haɗa guntaye biyu, ka bar su su huce sarai, sannan ka ja su da ƙarfi. In suka rabu sumul, kowanne da robarsa, haɗin bai yi ba. In kuwa robar ta ɓamɓaro daga jikin yadin ta bar farin saƙa a fili, to ka samu daidai. Guntayen gwajin da suka sa a kwalin sun yi kaɗan ƙwarai, kafin hannu ya saba sun ƙare. Na koma tsintar ɓarɓashin da almakashi ya zubar ina gwadawa da su, kuma ina ba kowa shawara kada ya zubar da ko ɗaya.

Miƙaƙƙen haɗi ba shi da wuya. Wahalar tana wurin lanƙwasa, inda yanki biyu na bututu ke haɗuwa su yi zagaye. Sai ka kifa wani abu mai kumburi a ƙarƙashi, ni kwanon katako na yi amfani da shi, ka daidaita alamomin bakin yadi biyu, ka taɓa da bakin ƙarfen kaɗan don su kama, ka matsa gaba kamar faɗin yatsa biyu, ka sake. Hannun hagu na riƙe da yadi, na dama na guga, ka ajiye ƙarfe ka bi wurin da gangan dannawa tun da ɗuminsa. Haka za ka yi ta yi har ka zagayo. Aikin yamma ne bayan an taso daga ofis, kuma ya ci mini makonni. Wanda ke son ya saya yau ya shiga ruwa jibi, wannan ba nasa ba ne.

Bayanin aikin yana intanet, da hotuna da bidiyo, cikin Turanci mai sauƙi, kuma na yaba musu, don ba su ɓoye wahalar ba. Inda suka gaza shi ne mahaɗar da bututu da ƙasan jirgi da ƙyallen rufi suke haɗuwa su uku. Hoton wurin ya yi nisa, ba a ganin wane yadi ne a sama. Nan ɗin ne kuma iska ta fi son fita. Da na hura jirgin karo na farko, na shafa ruwan sabulu a kan kowane haɗi, sai ƙananan kumfa suka jeru a waɗannan mahaɗun. Gam ya toshe su bayan ya kwana ya bushe, daga nan jirgin ya riƙa kwana da iskarsa.

A kan ruwa fa? Na fara gwada shi a tafkin Upper Kananaskis. Naɗaɗɗensa bai kai kilo 3 ba. Hurawa da jakar iska abin sha'awa ne: ka buɗe bakinta ta kamfaci iska, ka murɗe, ka matse da ƙirji, cikin 'yan mintoci jirgi ya tashi, ka ƙarasa da baki. Da ya taɓa ruwan sanyi sai iskar ciki ta tsuke ya yi laushi, dole ka bar shi ya ɗan jiƙa ka ƙara hurawa kafin ka shiga. In kuma ka bar shi a tudu cikin rana, ka rage iskar, don zafi na kumbura shi ya matsa wa haɗin. Zamansa a ruwa ya tuna mini masuntan Argungu a kan gorarsu: ba ya son kifewa, amma ba ya gudu. Kowane bugun filafili sai hancinsa ya karkata, sai in ka ɗaure jakarka a gaba ta danne shi. Iska kuwa in ta taso daga gaba, gara ka fita ka naɗe shi ka bi gaɓa da ƙafa. Ƙasan mai kauri ya goge tsakuwa sau da dama bai huje ba.

Abin da ya sa nake ganin ya fi kuɗinsa shi ne na san kowane haɗi da ke jikinsa. In reshe ya yage shi a daji, na san yadda zan manna faci na wucin gadi, in na dawo gida in gyara shi da ragowar yadi da ƙarfen nan, ba tare da na aika wa kowa ba.

Amma sauƙinsa kada ya ruɗi kowa. Ɗakin iska ɗaya gare shi, in ya fashe duka ne. Dokar Kanada ta wajabta rigar ceto, da usur, da igiya mai yawo a kan ruwa ta mita 15, da abin kwarfe ruwa, kuma ruwan duwatsun nan yana kashe hannu cikin mintoci. A gandun dajin Banff, da ke kusa da Kalgari, sai ka cike takardar shaidar cewa jirginka a wanke yake kuma a bushe, saboda cutar kifi da aka gano a can a 2016.

'Yan'uwa da ke gida masu son yin oda, ku nemi dutsen guga mai aiki da wuta 220, don na nan 110 ne, kuma ku tanadi wuta mai tsayuwa, saboda in ƙarfen yana huce yana zafi haɗin ba zai yi daidai ba. Jirgin mutum ɗaya ne da jakarsa, ba na fito ba ne, kuma ba zan shiga da shi ruwan da ke da dorina ko kada ba.