Garin achar da na saya don kek ɗin autata

Tun da likita ya hana autata cin alkama, saboda gulutin, wani sinadari da ke cikin alkamar, yana lalata mata hanji, kek ya koma abin kallo a wurinta. Ranar sunan ɗan ƙanwata ta tsaya tana kallon yayyenta suna ci, abin ya tsaya min a rai.

Wata maƙwabciyata ce ta nuna min wani ɗan shago a Terminus, nan Jos, mai sayar da garin acha a leda, kilo ɗaya-ɗaya. Acha dai ba ta da gulutin, kuma mai shagon ta ce injinta daban ne, alkama ba ta shiga cikinsa. Wannan shi ya sa na saya, don garin shinkafar da na taɓa kaiwa injin unguwa sai da yarinyar ta kwana da murɗar ciki.

Garin luƙui yake, babu yashi ko kaɗan, kuma duk wadda ta taɓa rege acha ta san wahalar yashinta. Gwajin farko dai kek ɗin ya marmashe a hannuna, tunda babu gulutin da zai riƙe shi. Karo na biyu na haɗa kofi 2 na acha da rabin kofi na sitacin rogo, na ƙara ƙwai ɗaya, na bar kwaɓin ya huta minti 20 kafin na sa a oben. Ya tashi daidai gwargwado, da ɗan ƙamshi kamar na soyayyar gyaɗa. Baban su ma bai gane ba sai da na faɗa masa.

Matsalarsa, washegari ya bushe ƙayau. Yanzu ƙanana nake gasawa, na ranar kawai.