Gargaɗi: kwamfuta ta ƙi tashi, kar ka yi saurin mayar wa mai kaya da firosesarka

Jama'a, ina rubuta wannan ne da zafin abin da ya sami ɗan yayata a watan jiya, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta ya tura wa ƙannensa da 'ya'yansa masu sha'awar haɗa kwamfutar tebur da hannunsu. Akwai wani salon cuta da ake yi wa yaranmu, kuma babban yankan yana zuwa ne a ranar da aka gama haɗi, aka danna maɓalli, allo ya tsaya baƙi ƙirin.

Yaron nan aikinsa haɗa bidiyon biki da zana katin gayyata. Wata bakwai yana tara kuɗi, har adashi ya shiga, don ya rabu da tsohuwar laftof ɗin da ke kwana tana sarrafa bidiyo ɗaya. Sai ya ci karo da wani mai talla a Facebook, suka koma WhatsApp. Mutumin ya ce daga Legas ake kawo masa kaya, ya turo bidiyo ana kunna kwamfuta tana aiki sumul, ya turo hotunan saƙonnin mutane suna ta yi masa godiya. Kayan da suka daidaita a kai su ne: madabod (bod, faifan da ake jona sauran kaya a kansa) B450 na kamfanin MSI, firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600, ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) guda biyu kowane giga 8, katin hoto GTX 1050 Ti, da fawa-fak (akwatin da ke raba wa kayan wuta) da aka rubuta wat 650 a jikinsa. Ya yi tiransifa, bayan kwana biyu ya je tasha ya karɓo kwali.

A falona ya haɗa ta, a kan tabarma, ina zaune ina kallonsa. Hannunsa har rawa yake lokacin da zai zaunar da firosesar, ya daidaita ɗan kusurwar nan mai ruwan zinare da alamar da ke kan gurbin, ya sauke ƙarfen a hankali. Wajen ƙarfe goma na dare ya ce, "Kawu, bismillah," ya danna. Fankoki suka ɗauka, fitilu suka kawo, monita kuwa shiru. Wata 'yar jar fitila a gefen bod ɗin ta kama ta ƙi mutuwa. Ya kashe, ya kunna, ya kashe, ya kunna. Na ga gumi yana tsattsafo masa a goshi, ga fanka tana kaɗawa a kansa.

Da asuba ya kira mutumin. Tambayar farko da aka yi masa ita ce, "Da wace wuta ka kunna? NEPA ko janareta?" Ya ce NEPA. "Ka sa sitabilaiza?" Ya ce a'a. Nan take mutumin ya hau salati, ya ce ai shi ke nan, ƙanena, ka ƙona kaya, amma kar ka damu, turo bod ɗin da firosesar injiniyana ya duba maka kyauta. Ku lura da wannan tambayar. Ko me yaron ya amsa, laifin a kansa zai faɗa, domin a ƙasar nan babu wanda zai rantse a kan lafiyar wutar gidansa. Da ya ce janareta, da an ce janareta ne.

Bai faɗa mini ba sai da ya tura. Kunya ta hana shi, yana ganin shi ya yi ɓarna. Bayan kwana uku amsa ta zo: wai firosesa ta mutu, bod ma ya taɓu. Amma saboda tausayi za a karɓe su a matsayin kondem, ya ciko kuɗi a ba shi wasu. A nan ne ya zo mini idonsa jajur. Na karɓi wayar na ce wa mutumin, Malam, ba ma son canji, ko gawa ce a dawo mana da gawarmu. Ya yi ta kwana-kwana, yau direba bai tashi ba, gobe injiniya ya yi tafiya. Sai da aka yi mako guda kwalin ya iso.

Abin da ya tona asiri wani ƙaramin abu ne. Ranar da kayan suka fara zuwa, yaron don murna ya ɗauki hoton firosesar kusa da kusa ya sa a sitatus. A saman ƙarfen kowace Ryzen akwai rubutu da aka zana, har da lambar siriyal. Muka ajiye wadda aka dawo da ita kusa da hoton. Sunan iri ɗaya, lambar daban. Muka juya bayanta, ga ƙafafu uku a lanƙwashe a gefe guda, ga wani baƙin tabo. Irin wannan firosesar, mai shiga gurbin da ake kira AM4, ƙafafu 1331 gare ta, sirara kamar gashi, kuma tasa da ya tura babu ko ɗaya da ta karkace. An ɗauke mai rai, an ba mu matacciya.

Muka kai kayan wurin wani dattijon mai gyara da na daɗe da sani. Ko ajiye kwalin ban gama yi ba, ya dubi bod ɗin, ya tambayi wace firosesa aka sa, ya tambayi wace fitila ce ta kama. Da aka gaya masa sai ya girgiza kai ya ce wa yaron, "Ɗana, babu abin da ka ƙona." Ga bayanin da ya yi mana, kuma shi ne zuciyar wannan damfarar.

Bod ɗin B450 ya fito ne a 2018. Firosesocin Ryzen 5000 ba su fara fitowa ba sai Nuwamban 2020, ita 5600 ɗin ma sai 2022. Gurbin ɗaya ne, firosesar za ta zauna daram, amma ƙaramar manhajar da ke cikin bod ɗin, wadda ake kira BIOS, idan tsohuwa ce ba ta san wannan firosesar ba. Ba za ta gane ta ba, ba za ta tashe ta ba. Fankoki za su juya, allo ya zauna baƙi, fitilar CPU, wato ta firosesa, ta kama. Wannan sanannen abu ne ga duk mai sana'ar, shi ya sa kwalayen da aka sabunta tun daga masana'anta suke zuwa da 'yar takarda manne da ke nuna sun shirya karɓar Ryzen 5000. Namu ba shi da ita. Ba laifin kamfanin ba ne, kuma maganinsa ba ya cin ko sisi.

A gabanmu ya yi. Ya ɗauko filash da aka yi wa fomat na FAT32, ya sauke sabon BIOS na ainihin wannan bod ɗin daga shafin kamfanin, ya canja wa fayil ɗin suna zuwa MSI.ROM. Ya ɗora bod ɗin tsirara a kan kwalinsa, babu firosesa, babu ram, ya jona masa babbar wayar wuta mai baki 24 da ta firosesa mai baki 8. Ya soka filash ɗin a ramin da aka ware masa a baya, ya danna wani ɗan maɓalli. Wata fitila ta riƙa ƙiftawa na 'yan mintuna, ya ce kar kowa ya taɓa, kar a bari wuta ta ɗauke, shi ya sa ya jona a inbata. Da ta tsaya, ya ciro firosesa Ryzen 5 5600G daga tasa kwamfutar ya sa. Ko daƙiƙa goma ba a yi ba tambarin kamfanin ya bayyana a allo. Bod ɗin da aka ce ya taɓu lafiyarsa ƙalau. Muka sa wa bod ɗin firosesar da aka dawo mana da ita, bayan ya miƙe ƙafafun, ko motsi.

Yadda na fahimci lissafin mutumin nan shi ne, da gangan yake haɗa tsohon bod da sabuwar firosesa ya yi shiru. Idan kayan suka faɗa hannun wanda ya san kan abin, zai sabunta BIOS, kwamfuta ta tashi, har ya turo saƙon godiya, kuma irin waɗannan saƙonnin ne ake nuna wa na baya. Idan suka faɗa hannun sabon shiga, sai tsoro ya kama shi, ya ɗauki firosesa mai lafiya ya mayar da hannunsa, har ya biya kuɗin mota. Firosesa ɗaya sai a sayar da ita sau nawa? Tun da na fara maganar nan a cikin abokai, samari biyu sun same ni da labari iri ɗaya, har tambayar NEPA ko janareta ba ta canja ba. Ɗaya daga cikinsu ya ciko kuɗin.

Bai tsaya nan ba. Dattijon ya ɗaga katin hoton ya nuna mana bayansa: akwai ramin VGA, shuɗin nan mai huji 15. Ya ce ainihin GTX 1050 Ti, wanda ya fito a 2016, ba ya fitar da irin wannan tsohon siginar. Ya sa manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, sai ga ta ta rubuta a gaban sunan cewa jabu ne. Tsohon GTS 450 ne na 2010 aka sauya wa manhajar ciki don ya riƙa kiran kansa da sabon suna. Na gaskiyar ƙwayoyin aiki 768 gare shi, wannan 192. Zai nuna hoto, za ka yi zaton komai daidai ne, sai ka ɗora masa aiki mai nauyi ya tsaya cak. Fawa-fak ɗin kuwa da na ɗaga shi kamar gwangwanin madara babu komai ciki, wayoyinsa sirara. Dattijon ya ce ba zai yarda ya jona shi a kayan kowa ba.

To idan ka haɗa taka ta ƙi tashi, ka sani wannan abu ne da yake faruwa da kowa, har da waɗanda suka shekara goma a sana'ar, kuma galibi dalilin ƙarami ne. Ka zauna ka natsu kafin ka kira kowa. Duba makunnin da ke bayan fawa-fak ko a kunne yake. Idan irin tsohon nan ne mai ɗan jan maɓalli na 115 da 230, ka tabbata yana kan 230 kafin ka jona, domin wutarmu ke nan, kuma wanda aka saita don Amurka zai iya fashewa. Duba waya mai baki 24 ta shige har ta yi ƙas. Duba ta firosesa a saman bod, ita ce aka fi mantawa, kuma kar ka rikita ta da ta katin hoto: ta firosesa huɗu da huɗu take rabuwa, ta katin hoto shida da biyu.

Ram ya fi komai ba da wahala. Cire su duka, sa guda ɗaya a rami na biyu daga firosesa, ka danna da ƙarfi fiye da yadda ranka yake so, har maƙallin ya rufe da kansa. Wayar monita kuma a jikin katin hoto take shiga. Ryzen 5 5600 ba ta da sashen hoto a cikinta, haka ma firosesocin Intel masu F a ƙarshe, irin su 12400F, saboda haka ramin HDMI na jikin bod ba zai ba ka komai ba. Idan danna maɓallin akwati bai yi komai ba, wataƙila 'yan ƙananan wayoyin gaba ne suka kauce; taɓa ƙafafu biyun da ke kan bod inda wayar makunni take shiga da bakin sukudireba na ɗan lokaci zai tashe ta. Idan har yanzu shiru, fito da bod ɗin daga akwati ka gwada a kan kwalinsa, don ƙusa ɗaya da ta zauna inda ba huji tana iya haɗa wuta ta ƙasa. Cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na minti biyar bayan ka zare waya daga bango, ka mayar. Mai sabon bod na AM5, gurbin da ya gaji AM4, da sabon nau'in ram DDR5 kuwa ya yi haƙuri, tashin farko yana iya ɗaukar mintuna allo na baƙi. Fitilun nan huɗu na gefen bod, CPU (firosesa), DRAM (ram), VGA (katin hoto) da BOOT (ma'ajiyar da kwamfuta ke tashi daga ita), wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna maka inda aka maƙale. Abu ɗaya da ban yarda kowa ya yi ba shi ne buɗe cikin fawa-fak, yana riƙe wuta ko bayan an zare shi.

Kafin ka biya, tambayi mai kaya wane BIOS ne a kan bod ɗin, ka ce ya nuna maka a bidiyo da wannan bod ɗin da wannan firosesar tare, lambobinsu na fitowa. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Ranar da kaya suka iso, ka ɗauki bidiyon buɗe kwali, ka ɗauki hoton lambar kowane abu gaba da baya, ka nemi rasit da aka rubuta lambobin a kai. In ta kama dole a duba, kai wa mai gyaran da ba shi da alaƙa da mai sayarwa, kuma ka tsaya a kansa. Kar ka bari kayanka su kwana inda idonka ba ya gani.

Mu dai mun tattara hotunan biyu, da shaidar tiransifa, da duk saƙonnin murya, mun kai wa banki da 'yan sanda, mun kuma shigar da ƙorafi a hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Mutumin ya toshe lambar yaron da tawa, shafin ma ya ɓace. Yaron yana aiki yanzu da firosesar da dattijon ya ara masa, yana biyan kuɗin wata firosesar a hankali.

Shekaranjiya wani ya turo mini sabon shafi mai sabon suna, da sabuwar lambar waya. Bidiyon tallar bai canja ba: koren kyalle a kan tebur, monita mai tsaga a kusurwar hagu ta sama, da hannu mai azurfa a ƙaramin yatsa yana danna maɓalli. Har yanzu B450 da 5600 yake tallatawa.