ClinicalTrials.gov: inda nake duba labarin "sabon maganin sankara" kafin in yarda da shi

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje ne, ɓangaren garkuwar jiki. Yawancin yinina yana ƙarewa a gaban na'urar da ke ƙirga ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya, tana ware waɗanda ake kira ƙwayoyin T, wato sojojin jikin da ke farautar duk ƙwayar halittar da bairos ya shiga ko wadda ta rikiɗe ta zama sankara. Saboda wannan aiki, duk wanda ya ga labari a waya cewa an gano maganin sankara, ni yake turo wa. Ni ba likita ba ne, ba na rubuta wa kowa magani. Iyakar abin da nake yi shi ne in buɗe ClinicalTrials.gov in ga ko akwai gwaji na gaske a bayan labarin. Na daɗe ina haka, har na ga ya kamata in faɗi ra'ayina a kan shafin.

Rumbun bayanai ne na gwaje-gwajen da ake yi a jikin mutane. Babban ɗakin karatun likitanci na Amurka, wanda ke ƙarƙashin cibiyoyin binciken lafiya na NIH, shi ke gudanar da shi, kuma an buɗe shi a watan Fabrairun 2000 bisa wata doka ta 1997. Da farko bai cika ba. Abin da ya cika shi shi ne matakin da editocin manyan mujallun likitanci suka ɗauka a 2004, cewa daga 2005 ba za su buga sakamakon gwajin da ba a yi wa rajista tun farko ba. A 2007 wata dokar ta tilasta wa masu gwaje-gwaje da yawa su saka sakamakonsu, aka buɗe sashen sakamako a 2008. Yanzu akwai bincike sama da 500,000 a ciki, daga ƙasashe fiye da 200. Kyauta ne, ba a neman ka buɗe asusu kafin ka karanta. Kowane gwaji yana da lambarsa: haruffan NCT da alƙaluma 8. Idan labari ya zo da wannan lamba, cikin minti ɗaya ka ga asalinsa. Idan bai zo da ita ba, kuma sunan maganin bai fito da komai ba, ni dai a nan nake ajiye labarin.

Wurin bincikensa yana da wayo fiye da yadda kamanninsa ke nunawa. Ka rubuta Keytruda, sunan kasuwa na wani maganin sankara, zai kawo maka gwaje-gwajen da aka rubuta sunansa na kimiyya, pembrolizumab, har da tsofaffin da suka yi amfani da lambar MK-3475 tun maganin bai samu suna ba. Kana iya tacewa da ƙasa, da shekarun marasa lafiya, da matakin gwajin, da ko har yanzu ana ɗaukar mutane. A 2023 aka sauya fasalin shafin, ya fi daɗin dubawa a waya. Masu son jera bayanai a kwamfuta suna iya sauke su. Wannan ɓangaren ba ni da abin cewa a kai, yana aiki.

Inda na fi daɗewa shi ne sashen da ke faɗin wa za a ɗauka da wa ba za a ɗauka ba. Mutane suna tsallake shi don tsayinsa, alhali a nan ne gwajin ke faɗin gaskiyar kansa. Sai an san ɗan tarihi kafin a gane dalilin da ya sa nake wannan magana.

Magungunan da suka sauya kula da masu sankara a 'yan shekarun nan ba sankarar suke kashewa da kansu ba. Ƙwayar T tana da burki kamar na mota, wanda ke hana ta afka wa jikin mai ita. Sankara tana koyon taka wannan burki, maganin kuma yana ɗage ƙafarta. Tasuku Honjo ya gano ɗaya daga cikin burakun, PD-1, a Kyoto a 1992. James Allison ya nuna a 1996 cewa toshe ɗayan, CTLA-4, yana sa ƙari ya narke a jikin ɓeraye. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 2018. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne, masu nazarin bairos sun ba da gudummawa babba wajen fahimtar PD-1. Tun a 1993 aka lura cewa idan wani bairos mai suna LCMV ya zauna a jikin ɓera ya ƙi fita, ƙwayoyin T suna gajiya har su daina yaƙi. A 2006 ɗakin binciken Rafi Ahmed a jami'ar Emory ya nuna cewa gajiyayyun ƙwayoyin nan cike suke da PD-1, kuma da aka toshe hanyar sai suka farfaɗo, yawan bairos ɗin ya ragu. A shekarar ce aka ga irin wannan alama a jinin masu HIV. Ni kaina, idan na zuba jinin mai tsohon ciwon hanta a na'ura, wannan alamar ce nake nema.

To, sai ka buɗe gwaje-gwajen farko na waɗannan magunguna, waɗanda suka kai ga amincewa da ipilimumab a 2011, da pembrolizumab da nivolumab a 2014, da waɗanda suka biyo bayansu. Ka gangara zuwa jerin waɗanda ba za a ɗauka ba. A da yawa daga ciki za ka ga layi iri ɗaya: ban da mai HIV, ban da mai ciwon hanta nau'in B ko C. Ilimin da aka samo daga daɗaɗɗen ciwon bairos, an gwada shi a kan kowa ban da masu daɗaɗɗen ciwon bairos. Akwai hujja, ba na musu: an ji tsoron kada a ɗage burki hanta ta kumbura, ko a kasa rarrabe illar magani da illar cutar. Sai dai sakamakon shi ne likitoci sun yi shekaru ba su da shaidar da za su dogara da ita ga waɗannan mutane. Kuma ba ƙaramin rukuni ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B a 2022, shi ne kuma kan gaba wajen haddasa sankarar hanta. Cibiyar binciken sankara ta hukumar, da ke Faransa, ta lissafa cewa kusan kashi 13 cikin 100 na sababbin sankarar 2018 ƙwayoyin cuta ne silarsu, ciki har da bairos ɗin EBV da kuma HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa.

Ba a jarida na fara ganin wannan giɓi ba, a shafin na gan shi, ina karanta sharuɗɗa. A shafin kuma nake ganin yadda yake rufewa a hankali. An yi wani ƙaramin gwaji na pembrolizumab a kan masu HIV da ke da sankara, aka buga sakamakon mutum 30 a 2019, aka ga illolinsa ba su yi nisa da na sauran mutane ba. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da jagora cewa kada a riƙa korar masu HIV da masu ciwon hanta daga gwajin maganin sankara ba tare da dalili ba. Ka kwatanta sharuɗɗan gwajin 2013 da na 2022, za ka ga bambancin da idonka.

Misalin da na fi nuna wa ɗalibai shi ne gwajin IMbrave150, wanda ya haɗa atezolizumab da bevacizumab ya kara su da sorafenib a kan mutum 501 masu sankarar hanta da ba ta yiwuwa a yi mata tiyata. Kusan rabinsu ciwon hanta nau'in B ne ya jawo musu. Rabin waɗanda aka bai wa haɗin sun rayu fiye da wata 19, rabin masu sorafenib kuwa fiye da wata 13. Labari mai daɗi. Amma ka karanta sharuɗɗan: sai wanda hantarsa ke aiki sosai, sai wanda ke shan maganin bairos ɗin kuma yawansa a jini ya sauka ƙasa da 500 a ma'aunin da ake amfani da shi, sai wanda aka leƙa maƙogwaronsa da na'ura aka tabbatar jijiyoyin wurin ba sa gab da fashewa. Wanda ya zo asibiti ciki ya kumbura da ruwa, ido ya yi rawaya, ba shi aka gwada ba. Labarin waya ba zai gaya maka haka ba. Shafin zai gaya maka, in ka yi haƙurin karantawa.

Abu na biyu da ya sa nake girmama shi: ba ya goge gwajin da ya faɗi. Wani magani mai suna epacadostat ya ja hankalin masu bincike a matakan farko, kamfanoni suka yi ta shirya manyan gwaje-gwaje a kansa. A 2018 gwajin mataki na 3 a kan mutum 706 masu sankarar fata ya nuna ƙara shi a kan pembrolizumab bai ƙara komai ba. Ka rubuta sunansa a shafin yau, za ka ga jerin gwaje-gwajen da aka dakatar ko aka janye. Duk ɗalibin da ya zo mini da zumuɗin sakamakon ɓeraye, wannan jerin nake fara nuna masa. Akwai kuma tarihin kowane gwaji, inda ake ganin duk gyaran da aka yi wa rajistar da ranar da aka yi shi. Idan masu bincike sun ce za su auna tsawon rai, daga baya suka koma auna girman ƙari, sawunsu yana nan.

Yanzu ga inda shafin ke da rauni, kuma raunin ba ƙarami ba ne. Kasancewar gwaji a ciki ba ya nufin gwamnatin Amurka ta tantance shi. Shafin da kansa ya rubuta haka, amma wa ke karanta gargaɗi? Masu gwajin ne ke cike bayanan da hannunsu. Ma'aikatan shafin suna duba ko an cike daidai, ba ko ilimin yana da inganci ba. Shi ya sa wasu asibitocin kuɗi, musamman masu sayar da allurar ƙwayoyin halitta da ba a tabbatar da amfaninta ba, suke yin rajista don su samu lambar NCT su manna a tallarsu. Gwajin mutum 900 da aka raba ta hanyar ƙuri'a, da "binciken" da mara lafiya ke biya kafin a sa shi, duk fuska ɗaya suke fitowa da ita. Da ni ke da iko, da na sa alama babba a kan duk gwajin da ke karɓar kuɗin mara lafiya.

Sakamako ma ba kullum ake samu ba. Doka ta ba da shekara 1 bayan kammalawa, amma wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya gano kusan kashi 41 cikin 100 ne kawai na gwaje-gwajen da dokar ta shafa suka saka a kan lokaci. Wannan laifin masu gwajin ne, amma mai karatu ne ke tarar da shafi babu komai. Akwai kuma waɗanda aka rubuta wa "ba a san halin da yake ciki ba", ma'ana lokacin kammalawa ya wuce kuma an yi shekara 2 ba wanda ya sabunta bayanin. Kada ka ɗora fata a kan irin waɗannan.

Idan an saka sakamakon, teburori ne zalla, da Turancin likitoci, babu mai fassara maka ma'anarsu. Ni hakan ya yi mini, don ba na son a tauna mini. Amma ga ɗan'uwan mara lafiya da ke dubawa da tsakar dare, abin yana da nauyi. Kuma ba shi kaɗai ne rumbu ba: Turai na da nata, Sin da Indiya na da nasu, Afirka na da PACTR, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana da shafin da ke tattaro su duka. Rashin ganin gwaji a nan ba ya nufin babu shi a duniya.

Teburin da nake roƙon kowa ya duba kafin ya yi murna shi ne na illoli, wanda ke can ƙasan sakamako. Ƙwayar T da aka sake ba ta san iyaka ba: tana iya afka wa hanji, da huhu, da hanta, da fata, da maƙoƙon wuya. A gwajin CheckMate 067, na mutum 945 masu sankarar fata da ta bazu, haɗin nivolumab da ipilimumab ya sa rabin waɗanda suka karɓa sun rayu kusan shekara 6 ko fiye, a cutar da a da ba a cika wuce shekara 1 da ita ba. A gwajin dai, fiye da rabin masu haɗin sun gamu da illa mai tsanani. Duka biyun gaskiya ne, kuma shafin yana ajiye amfani da illa a wuri guda, abin da talla ba ta taɓa yi.

Ga ɗalibin kimiyya, da ɗan jarida mai rubutu kan lafiya, da ma'aikacin asibiti, ina ganin babu uzurin rashin sanin wannan shafi. Ga mara lafiya da danginsa, shawarata ita ce su nemo gwajin, su rubuta lambarsa, su kwafi sharuɗɗan shiga, su kai wa likitan da ke riƙe da fayil ɗinsu. Shi ne ya san yawan bairos ɗin da ke jinin da ƙarfin hantar, kuma waɗannan alƙaluma biyu kan yanke hukunci tun kafin a kira lambar wayar da ke ƙasan rajistar.