Gam ɗin ɗaure naɗin tsirkiya: ya riƙe zaren, ya cinye mini tsirkiya

Masu harbi da baka na nan Jidda da Makka, duk kun san 'yar kwalbar gam ɗin nan mai saurin kamawa da ake jerawa kusa da zaren naɗi, wato zaren da ake nannaɗa wa tsirkiya don kare ta, a shagon da yawancinmu muke sayen kibau. Kun san kuɗinta, kun kuma san ya yi wa abu mai tsawon ɗan yatsa yawa. Na saya, na yi aiki da ita, kuma abin da ta jawo mini ya fi ƙarfin in yi shiru.

Damuwata tun farko irin ta kowa ce. Da zoben babban yatsa nake harbi, bakan irin na Turkiyya ne mai nauyin ja fam 45, tsirkiyarsa ta zaren roba ce da ake kira Dacron, sili 14. Naɗin tsakiya, inda gindin kibiya yake zama, shi ne kullum yake fara sakin jiki. Zobe na gurzarsa a kowane saki, ga gumi, ga zafin ƙasar nan. Kakin zuman da ake shafa wa tsirkiya yana narkewa ne a wajen digiri 62 zuwa 64, amma tun kafin a kai nan ya yi laushi, kuma kowa ya san yadda cikin mota yake zama a watan Yuli kafin a isa istiraha, wato gidan shaƙatawa. Kaki na yin laushi sai naɗi ya fara zamewa, bakin zare ya leƙo, mazaunin kibiya ya gusa, harbi ya watse. Da na kai kukana wajen mai shagon, sai ya miƙo mini kwalbar ya ce ai don wannan aka yi ta, a ɗiga kaɗan a bakin naɗi sama da ƙasa, shi ke nan. Na tambaye shi ko ba ta yi wa zare illa. Ya ce masu shiga gasa ma ita suke sawa.

Da farko, wallahi na ji daɗinta. Ruwa-ruwa ce, kana ɗigawa take shigewa, kafin ka rufe murfin ta kama. Danshin iskar Jidda ma ƙara mata sauri yake yi, don irin wannan gam da laima yake daskarewa. Naɗin ya tsaya cak, mazaunin kibiya bai ƙara motsi ba, kibauna suka koma haɗuwa wuri ɗaya. Har na yi wa abokan harbina tallarta, kuma wannan na cikin abin da ya fi ci mini rai yanzu.

Ranar da abin ya faru, ɗan yayata ne yake riƙe da bakan. Yaro ne mai shekara 16, ya daɗe yana roƙona in bar shi ya gwada babban baka, don ya gaji da ƙaramin da yake koyo da shi. Na tsaya a bayansa ina gyara masa kafaɗa. Ya ja sannu a hankali kamar yadda na koya masa, hannunsa ya kusa kaiwa kunne, sai muka ji tas! Tsirkiya ta tsinke. Guntun sama ya zabge shi a kumatu, ƙasa da ido da kamar faɗin yatsa biyu. Bakan ya fizge daga hannunsa ya faɗi, kibiyar ta yi gefe guda. Ya dafe fuska ya durƙusa yana cewa, "Kawu, idona, Kawu!" Ni kaina ƙafafuna rawa suke. Da na janye hannunsa na ga idon lafiya lau, fata ce ta dare tana jini, sai da na zauna a ƙasa ina ta hamdala. Allah ne kawai ya kiyaye. Har yau shatin yana fuskarsa, kuma har yau yayata ba ta gama sakin jiki da ni ba in aka ambaci harbi.

Bakan ma bai tsira ba. Tsinkewar tsirkiya a cikakken ja daidai take da sakin baka babu kibiya, duk ƙarfin da aka tara komawa yake yi cikin katakon. Reshen sama ya ɗaga a kusa da baki, inda aka manna zaren gilashi (fiberglass) da itace. Wanda ya duba mini ya ce kada in sake ɗana shi.

Da muka ɗauko guntayen biyu, babu wani ɓoye-ɓoye. Daidai bakin naɗin sama ta yanke, inda na ɗiga gam. Ba ta yi buzu-buzu irin na tsirkiyar da ta tsufa ba. Silin duk sun karye a layi ɗaya, wurin ya sandare ya yi fari-fari, in ka matsa da farce sai ya rududduge kamar busasshen ƙanzo. Sauran tsirkiyar kuwa lafiyarta ƙalau, da laushinta da kakinta.

Akwai wani dattijo da yake zuwa kallonmu, haifaffen Mai Wurno ne ta wajen Sinnar a Sudan, kakanninsa na cikin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya yi farauta da baka a ƙuruciyarsa. Ya karɓi guntun ya lanƙwasa shi kusa da kunne, ya ce, "Ɗana, me ka zuba a nan?" Na ce, "Gam ne, Baba, na shago." Ya girgiza kai. Ya ce su tasu tsirkiyar ta murɗaɗɗiyar fata ce, kitse suke shafa mata don kada ta bushe, kuma abin da yake sandarewa ba ya zuwa kusa da ita.

Maganarsa ta yi daidai da yadda gam ɗin yake aiki. Ba ya tsayawa a kan zaren naɗi, tsotsewa yake yi ya bi tsakanin sili har ciki, ya haɗe su dunƙule guda. Ita kuwa tsirkiya ƙarfinta yana wajen silin nan su riƙa ɗan gogar juna suna raba nauyi, shi ya sa ma ake sa mata kaki. Dacron kuma tana da ɗan miƙewa, abin da ya sa ake zaɓarta wa bakan itace ke nan. To ka sandarar da wuri ɗaya, sai kowane saki tsirkiya ta riƙa lanƙwasa a gefen wannan taurin, gam ɗin ya tsattsage ya yi kaifi, yana yankan sili ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin naɗi, inda ido ba ya gani. Wannan ɓoyewar ce mugun abin. Tsirkiyar da ta gaji tana nuna alama, wannan kuwa daga waje sumul take.

Ba zan ce kwalbar ba ta da amfani sam ba. Na manna tsagar gindin kibiya da ita, na danne bakin gashin kibau, duk sun zauna daram. A kan abin da ba ya lanƙwasa, gam ne mai kyau, kuma da a haka aka sayar mini da ita da ba ku ji bakina ba.

Amma ba a haka aka sayar mini ba, kuma in na tuna sai raina ya sake ɓaci. Na koma shagon da guntun tsirkiyar da hoton fuskar yaron. Mutumin ko sannu bai ce ba. Cewa ya yi wai tsirkiya ai dama tana da wa'adi, sannan ya ce in ina so ya rage mini kuɗin sabuwa. Na tambaye shi me ya sa bai nuna mini yadda ake kulle naɗi ba tare da gam ba, tunda ya sani. Abu ne da ba ya cin ko riyal ɗaya: zagayen ƙarshe guda goma zuwa goma sha biyar a yi su a kan lanƙwasasshen zare, a zura bakin a ciki, a ja shi ya shige ƙarƙashin naɗin, a yanke. A kuma nannaɗa ta bangaren da murɗin tsirkiya zai riƙa ƙara masa tauri. Haka na yi wa sabuwar tsirkiyata a bakan aro da nake harbi da shi yanzu, ta sha zafin bazara ba ta motsa ba. Mai shagon shiru ya yi, ya juya wajen wani mai saye.

Waɗanda na yi wa talla na bi su ɗaya-ɗaya na faɗa musu. Wanda ban samu ba kuma ya riga ya ɗiga, ya kwance bakansa ya lanƙwasa tsirkiyar a bakin naɗi. In wurin ya ƙi lanƙwasuwa, ko ya ji 'yar ƙara, kada ya tsaya wanke shi da ruwan goge jan farce, don silin da suka karye a ciki ba za su koma ba. Ya cire ta, ya yanke ta gida biyu kada wani ya tsinta ya ɗana.