Hattara da mai tallan “tayar bazara” ta keken lantarki mai ƙafa ɗaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman mu da ke zaune a Faransa muna hawan keken lantarkin nan mai ƙafa ɗaya. Akwai wani mutum da ke bin zaurukanmu na WhatsApp yana tallan abin da yake kira tayar bazara ta musamman. Ɗan damfara ne. Kada kowa ya tura masa ko sisi, wanda kuma tayarsa ta riga ta iso hannunsa, don Allah kada ya ɗora ta a kekensa.

Ba zan rubuta suna ba, domin sunan da hoton da ke kan lambarsa duk na aro ne, kuma yana sauya su duk lokacin da asirinsa ya fara tonuwa. In na rubuta, wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba zan ɓata wa suna. Abin da ba ya sauyawa shi ne salonsa, shi kuma zan bayyana muku.

Ya san lokacin fitowa. Da zarar sanyi ya ja baya, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, masu tayoyin hunturu masu manyan haƙora sukan fara neman mai sulɓi ta kan kwalta. A daidai nan yake shigowa da sallama, ya gaida manya, ya yi wa kowa ya aiki ya iyali, ya ce shi ma ɗan gida ne. Sai ya zubo hotuna masu kyau na taya ɗauke da sunan wani babban kamfani, a kan rabin kuɗin da ake sayar da ita a kanti. Ya ce robarta ta daban ce, an haɗa ta ne don zafin kwalta, tana ƙara wa batir nisan tafiya, kuma tana shiga kowane keke daga mai inci 16 har mai inci 20. Saura kaɗan suka rage, in ji shi, kuma don 'yan'uwantaka ne ya fara kawo mana kafin ya kai wa Turawa.

Wannan magana ta cewa tana shiga kowane keke, ita kaɗai ta isa ta nuna akwai lauje cikin naɗi. Tayoyin da muke hawa tayoyin ƙananan babura ne da na kekunan lantarki, kowacce da girman wilin da aka yi ta dominsa. Keken da ake ce wa mai inci 16, irin su InMotion V12 da KingSong 16X, faɗin wilinsa milimita 305 ne, wanda a lissafin masu babur inci 12 ke nan. Mai inci 18, kamar V11 da S18, wilinsa milimita 355 ne, wato inci 14 na babur. Shi ya sa za ka ga Veteran Sherman, da ake kira mai inci 20, shi ma ya zo da taya mai lamba 2.75-14, inda 14 ɗin ke nuna girman wili, kuma mutane suna sa wa irin waɗannan kekuna 80/90-14. Masu keke da tsayin tayar gaba ɗaya suke lissafi, masu babur kuwa da wili. Idan aka kawo maka tayar babur mai lamba 16 a ƙarshe, wilinta milimita 406 ne, ko kusa ba za ta zauna a kekenka mai inci 16 ba. Wannan ruɗanin mutumin yake fakewa da shi. In tayar ta ƙi shiga sai ya ce ai kai ne ka ba shi lamba ba daidai ba.

Ko da wilin ya dace ma, magana ba ta ƙare ba. Tsakanin taya da murfin keken sarari kaɗan ne. Taya ta ɗara faɗi ko tsayi da 'yan milimita sai ta riƙa gugar murfi, ko tsakuwa ta maƙale a tsakani kana cikin tafiya. Mai sayar da taya na gaskiya abin da zai fara tambayarka shi ne wane keke gare ka. Wannan bai taɓa tambayar kowa ba.

Sai batun biya, wanda nan ne ainihin tarkon. Ba ya karɓar biya ta hanyar da ke da kariya. Ko dai ya ce a turo ta PayPal amma a zaɓi sashen aika wa dangi da abokai, wai don kada a cire masa kamasho, ko ya ce a je shagon taba a sayo katin kuɗi irin su PCS ko Transcash a ɗauki hoton lambar a aiko masa. Kuɗin da aka tura ta sashen dangi da abokai ba su cikin kariyar mai saye, domin a wajen kamfanin kyauta ka yi wa ɗan'uwanka. Lambar katin kuwa daidai take da tsabar kuɗi, duk wanda ya gan ta ya kwashe. Babu wani kanti mai rajista da ke karɓar kuɗin taya ta hoton kati.

Bayan an biya, wasu ba sa ganin komai. Yakan turo lambar bibiyar kaya, ka duba ka ga an ce an kai, alhali wani gari daban aka kai wani ƙunshi daban. In ka yi magana ya ce kayan na hannun kwastan, a ƙaro kuɗin fito, ko na inshora, za a mayar maka da su in kaya sun iso. Daga nan sai ya toshe ka. Waɗannan asararsu ta tsaya a aljihu. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne waɗanda taya ta iso musu.

Wani ƙanenmu da ke aikin kai abinci ya kawo mini tasa in taimaka masa mu ɗora, da yake nakan yi wa 'yan'uwa wannan aikin. Daga nesa sabuwa ce dal, baƙa wuluk tana ƙyalli. Ina ɗaukarta tafin hannuna ya yi maiƙo, ga warin man goge taya. Na sa tsumma na share gefenta, sai kalar toka-toka ta fito. Na matse gefen da hannu biyu, ƙananan tsage-tsage suka buɗe a jikin robar, ga su nan rututu a gindin zanen. Na danna farce a samanta, ko alama bai bari ba, ta bushe ƙamas. A ciki, da na haska fitilar waya, ga tsohon faci. Wurin da ya kamata a ga ranar da aka ƙera ta kuwa an kankare shi sumul, har da sawun abin da aka goge shi da shi. Yaron ya yi shiru yana kallo, ya ce, “Yaya, ai ya rantse mini da Allah.” Wannan rantsuwar ta fi komai ƙona mini rai.

Ga abin da aka kankare ɗin. A gefen tayar babur akwai rubutu da ke farawa da DOT, ƙarshensa lambobi huɗu ne a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1223, an yi ta a mako na 12 na shekarar 2023. Tun daga shekarar 2000 ake rubuta huɗu, don haka mai lamba uku ta haura shekara ashirin da biyar. Roba tana tsufa ko ba a taɓa hawanta ba, rana da iska da zafi suna busar da ita a hankali. Kamfanin taya na Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara in ta kai shekara biyar ana amfani da ita, in ta kai goma daga ranar ƙira a cire ta ko da zanenta bai suɗe ba. Wanda ya goge waɗannan lambobi ya san abin da yake ɓoyewa.

Akwai kuma wani zagaye mai harafin E da lamba a gefensa, shaidar cewa tayar ta cika ƙa'idar Turai, E2 na Faransa ne, E1 na Jamus, E4 na Holan. Bayan lambar girma kuma za ka ga wani abu kamar 46P. Lambar tana nuna nauyin da tayar ke ɗauka: 40 kilo 140 ne, 46 kilo 170. Harafin na gudu ne, P kilomita 150 a awa. Gudun bai dame mu ba, tunda dokar 23 ga Oktoba 2019 ta tsayar da mu a kilomita 25 a awa a titunan Faransa, ga kuma wajibcin inshora a kanmu. Nauyin ne abin dubawa. Babur yana raba kayansa tsakanin taya biyu, mu kuwa komai a kan ɗaya yake. Ƙato mai kilo 90, a kan keke mai kilo 35, da jakar kaya a baya, ya kusa cinye abin da mai lamba 40 ke iya ɗauka tun bai faɗa rami ba. Sai kuma TT ko TL, na farko mai buƙatar tub a ciki, na biyu marar tub.

A yi adalci a nan: ƙananan tayoyin da ake rubuta wa 16x2.125 ko 16x2.5, na kekuna irin su V8 da V10, da yawansu ba sa ɗauke da DOT tun daga masana'anta, domin a sahun tayoyin keke suke. Rashin lambar a jikinsu ba laifi ba ne. Amma fatar da aka kankare ba ta ɓuya, kuma tayar da ke ɗauke da girman babur da sunan babban kamfani dole a ga ranarta.

Me ya sa na dage haka a kan taya? Kekenmu ba shi da birkin da ke kama wili. In za ka tsaya baya kake kwantawa, inji ya riƙe tayar, tayar ta riƙe ƙasa, kuma duk abin da ke taɓa ƙasar bai kai tafin hannu ba. Daidaiton da ke hana ka kifawa ma ta nan yake bi. Busasshiyar roba tana iya tafiya lafiya a busasshiyar kwalta har mutum ya saki jiki. Ranar da aka yi yayyafi, ka taka farin fentin tsallaka titi, ko ƙarfen layin taragon cikin gari, ko duwatsun daɓen tsofaffin unguwanni, ranar za ta zame ba gargaɗi. Gefen da ya tsage kuma in ya fashe, babu ƙafa ta biyu da za ta tare ka, sai wuyan hannu da kafaɗa da haɓa. Mai kai abinci da ya karya hannu ya rasa aikin makonni, ga haya, ga na gida suna jiran aike.

Neman tayar kwalta lokacin zafi abu ne mai kyau, kada wannan macucin ya sa a fasa. Mai sulɓi ba ta da ƙugin mai haƙora, ta fi kama kwalta, ba ta kuma cin batir kamarta. Ana samun irin su Michelin City Extra da Pilot Street 2, da Pirelli Angel Scooter, da na CST da Chao Yang, a kantunan babura da na masu sayar da kekunanmu. Tayar babur ta fi nauyi da tauri, ɗora ta akwai wuya, kuma a kwana takan so ta miƙe tsaye, sai an saba. A lura da kibiyar da ke nuna inda take juyawa kafin a ɗora, don buɗe keken nan da cire wayar inji ba aikin da ake son maimaitawa ba ne. A auna iska da safe taya na sanyi, domin zafi na ƙara ta da kusan kashi ɗaya cikin goma na bar, wato ma'aunin iskar taya, a duk digiri 10. Babu wata robar sirri da wani mutum ɗaya yake da ita a bayan motarsa.

Kafin ka biya kowa, ka ce ya ɗauko maka hoton gefen tayar da ke hannunsa, inda girma da DOT suke, da takarda a kusa ɗauke da ranar yau da hannu ya rubuta. Mai gaskiya minti biyu ya ishe shi. Namu in aka ce masa haka sai ya fara fushi, wai ba a yarda da ɗan'uwa ba. In ya ce kamfani gare shi, nemi lambarsa ta SIRET, lambobi 14 ne, ana duba su kyauta a rajistar kamfanoni ta gwamnati. Wanda ya sayi kaya ta intanet daga ɗan kasuwa mai rajista yana da kwana 14 na mayarwa ba tare da faɗin dalili ba. Wannan haƙƙin ba ya aiki a ciniki tsakanin mutum da mutum, shi ya sa ɗan bambancin kuɗin kanti bai kai abin da ake gudu ba.

Wanda abin ya riga ya shafa, kada kunya ta rufe masa baki, da shirunmu mutumin yake ci. Adana hotunan hirarku, da shaidar biya, da lambar bibiyar kayan, kafin ya goge. Sanar da bankinka a ranar. Ana shigar da ƙarar damfarar intanet ta wani sashe da ake kira THESEE a shafin gwamnati ba sai an je ofishin 'yan sanda ba, wanda ya fi son zuwa da ƙafarsa kuma yana iya zuwa. Damfara a dokar Faransa laifi ce mai hukuncin da ke kaiwa shekara 5 a kurkuku da tarar yuro 375,000. In wani ya ɓullo daga baya ya ce zai kwato maka kuɗinka amma sai ka ba da wani abu tukuna, toshe shi, ci gaban damfarar ce. Masu kula da zauruka kuma su cire tallan, su tura wannan bayani ga zaurukan 'yan'uwa na Beljiyam da Italiya.

Tayar da ta riga ta iso, kada a sayar wa wani don a rage asara, kada kuma a ajiye ta wai ko za ta yi rana. Ɗauki hotunanta ta kowane gefe, riƙe ta har ka gama shigar da ƙara, sannan ka yanka gefenta da wuƙa ka kai ta wurin da ake karɓar tsofaffin tayoyi a unguwarku.